Kallon Namun Daji daga Cikin Kwale-kwale: Darasin Tafkunan Kurmin Peru



Shugaban wannan taro, ranka ya daɗe. Batun da aka ɗora mini shi ne kallon namun daji daga cikin jirgin ruwa a tafkunan da ke tsakiyar kurmi, irin kurmin ƙasashe masu zafi da ruwan sama kusan duk shekara. Zan kafa maganata a kan yankin Madre de Dios na kudu maso gabashin ƙasar Peru, cikin kurmin Amazon, domin can ne aka daɗe ana wannan sana'a kuma aka bi diddigin abin da take haifarwa. Zan leƙa Ekwado da Indiya da Kamaru inda hujja ta bukaci haka.

Ra'ayina guda ne, kuma gara in faɗe shi tun yanzu don ku auna shi da abin da zai biyo baya. Hajar da ake sayar wa baƙo a irin wannan tafki ita ce natsuwar dabba, wato ta ci abincinta, ta shayar da 'ya'yanta, ta yi harkarta kamar babu kowa. Wannan natsuwa ita ce uwar kuɗin sana'ar. Duk matuƙin da ya matsa kusa don ya faranta wa baƙo rai, uwar kuɗin yake ci, ba riba ba. Saboda haka dokar da ke hana baƙo ganin wani abu ita ce ke tabbatar da cewa gobe za a sami abin gani.

Na farko, me ya sa sai jirgi?

Wanda bai san kurmi ba yakan zaci da ya sa ƙafa zai yi ta karo da dabbobi. Abin ba haka yake ba. Bishiyoyin kurmin Amazon sukan kai mita 30 zuwa 40, rassansu sun haɗe a sama, hasken ranar da ke isowa ƙasa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba. Furanni da 'ya'yan itace suna can ƙololuwa, birai da tsuntsaye ma can suke. Mai tafiya a ƙasa yana jin kuka da motsi, amma idonsa ba ya wuce 'yan taku. Gandun dajin Manu, wanda aka kafa a 1973 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, yana da nau'in tsuntsaye kusan dubu, duk da haka mutum zai iya yini a cikinsa ya fito bai ga abin kirki ba. Tafki ne ke tsaga wannan duhu. Kogunan yankin suna tafiya a karkace cikin ƙasa mai laushi. Idan ambaliya ta zo, kogi yakan yanke hanya ya bar tsohuwar gwiwarsa a baya, ta zama tafki mai lanƙwasa da ruwa kwance. Irinsu ne Sandoval a gandun Tambopata, da Salvador da Otorongo a Manu. Daga tsakiyar irin wannan ruwa mutum na ganin kurmi tun daga saiwa har ƙololuwa: birai a kan rassa, manyan aku masu launi a kan kututturen dabinon fadama, baƙin kada a bakin gaɓa, kunkuru a kan icce suna shan hantsi.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba, kuma a ganina ta fi ta farko nauyi. Jirgi abu ne mai ƙirguwa. Ana iya sanin jirage nawa ne a kan ruwa, da ƙarfe nawa suka shiga, da inda suka bi, da wanda ke tuƙi. Baƙi ashirin a cikin jirgi ɗaya ba sa taka tsiro, ba sa buɗe sabuwar turba, ba sa watsewa kowa ya bi son ransa. Wato jirgi na ba hukuma damar riƙe linzamin baƙo. Tambayar ita ce, za ta riƙe?

Na biyu, dabbar da ta jawo baƙi, da abin da zuwansu ya yi mata. A nan zan ɗan daɗe.

Abin da ke kai mutane Sandoval da Salvador shi ne babban karen ruwa na Amazon. Tsawonsa yakan kai mita 1.7, nauyinsa kusan kilo 30, yana cin kifi kilo 3 zuwa 4 a yini. Da rana yake farauta, a fili, cikin iyali: uwa da uba da 'ya'yan shekaru biyu ko uku, suna iyo tare da kururuwa. Kowanne yana da farin tabo a maƙogwaro wanda bai yi kama da na ɗan'uwansa ba, shi ya sa masu bincike ke iya gane su ɗaya bayan ɗaya. Kuma yana da wata ɗabi'a: idan ya hangi jirgi ba ya gudu, sai ya nufo shi, ya miƙe wuya daga cikin ruwa yana huci. Wannan ɗabi'a ce ta kusa ƙarar da shi. Mafarautan fata sun same shi a sauƙaƙe, har aka fitar da fatunsa fiye da 23,000 daga Peru tsakanin 1946 da 1973, shekarar da ƙasar ta haramta wannan farauta. Har yau yana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

To, ku lura da wani abu. Wannan tasowa da huci da mafarauci ya ci moriyarsa, shi ne kuma ke burge baƙo mai kyamara. Baƙo na ganin dabba ta zo gaishe shi. Alhali gargaɗi take yi, tana cewa an shigo mata gida. A 1990 wasu masana biyu daga Jamus, Christof Schenck da Elke Staib, suka fara nazarin waɗannan dabbobi a Manu da tallafin ƙungiyar nazarin dabbobi ta Frankfurt. Abin da suka jawo hankali a kai shi ne cewa dabbar na haihuwa ne a lokacin rani, cikin ramin da take tonawa a gaɓar tafki, kuma rani shi ne lokacin da baƙi suka fi yawa, don a lokacin tafiya ta fi sauƙi. Uwa ɗaya ce ke haihuwa a cikin iyali, galibi sau ɗaya a shekara. Idan jirage suka yi ta kai-kawo a bakin ramin, iyalin sukan kwashi jarirai su sauya wuri, kuma a hanyar ne baƙin kada ke samun rabonsa. A gidajen ajiye dabbobi ma an daɗe da lura cewa uwar da aka dama tana iya daina shayarwa, har sai da aka koyi killace ta daga idon jama'a bayan haihuwa. Asarar haihuwar shekara guda a tafki guda kamar ƙaramin abu ce. Amma tafki irin Sandoval iyali ɗaya yake ɗauka. Idan suka tashi, me ya rage wa mai jirgi ya nuna?

Na uku, ɓarnar da ido ba ya gani.

Wani zai ce, ai dabbobi suna sabawa. Mai jirgi da ya shekara goma a tafki zai rantse cewa tsuntsayen nan ba sa ko motsi idan ya wuce. Gaskiya ya faɗa, sai dai rabinta. A gandun Cuyabeno na ƙasar Ekwado an yi nazarin wani tsuntsu mai tukku da ake kira howazin, wanda ke sheƙa a rassan da suka sunkuyo kan ruwa, yana cin ganye yana narkar da shi a maƙoshi kusan yadda saniya ke yi a tumbi. Antje Müllner da abokan aikinta suka wallafa sakamakon a 2004. Sun kwatanta sheƙunan da ke kan hanyar jiragen baƙi da waɗanda ke sashen da aka rufe. Iyayen da ke gefen baƙi sun saba ƙwarai, sukan bari a matso kusa. 'Ya'yan ne ba su saba ba. Waɗanda suka tashi a gefen baƙi sun fi rama, gwajin jini ya nuna sun fi firgita, kuma waɗanda suka rayu har suka yi fiffike sun fi ƙaranci. Ɗan wannan tsuntsu idan ya tsorata yakan faɗa ruwa, daga baya ya hau bishiya da wasu ƙananan farata da ke jikin fikafikansa. Dabara ce ta tsira daga maƙiyi, sau ɗaya a wani lokaci. Idan kuma jirgi ne ke sa shi yin haka safe da yamma, ƙarfin da zai yi girma da shi ne ke tafiya.

Darasin da ke nan shi ne shaidar mai jirgi, komai gaskiyarsa, ba ta isa a gina doka a kanta ba. Shi yana ganin uwar da ta zauna. Ba ya ganin ɗan da ya mutu bayan mako biyu. Dole a sami wani sashe na tafki da babu mai shiga, don a sami ma'aunin da za a gwada sauran da shi, a kuma sami masu ƙirga da abincinsu bai rataya a kan yawan baƙi ba.

Na huɗu, dokokin da aka gwada.

Ba masu wuya ba ne, kuma ba sa cin kuɗi mai yawa. A tafkin Salvador an taƙaita baƙi ga wani dandamalin katako mai iyo da ake tuƙawa da hannu, ƙungiyoyi na shiga bi da bi bisa lokacin da aka ba su. A Otorongo an gina hasumiya a gaɓa, daga nan ake kallo. A Sandoval, wanda ke cikin gandun Tambopata da aka kafa a 2000, baƙo zai sauka daga jirgi mai inji a bakin kogin Madre de Dios, ya taka kimanin kilomita 3, sannan ya shiga kwale-kwale na filafili; ba a sa inji a tafkin, an kuma keɓe wani sashe nasa. Haka ma a tafkin Tres Chimbadas, wani ɓangare na ruwan na dabbobi ne su kaɗai. An kuma horar da 'yan jagora su san cewa idan dabba ta miƙe wuya tana huci, lokacin ja da baya ya yi.

Ga ƙorafin da za a yi, kuma ba na raina shi. Mutum ya taso daga Turai ko Amurka, ya kashe kuɗi masu yawa, sai a tsayar da shi nesa a ce ya duba ta madubin hangen nesa. Wata rana ma ya koma bai ga komai ba. Ba a zalunce shi ba? Ɗan jagora kuma, wanda alherin da baƙo zai yi masa ya dogara da kyan hoton da aka samu, da wane ƙarfin hali zai ce a'a? Amsata ga na farko ita ce, iyalin da ba a dame su ba sun fi daɗewa a fili suna farauta, baƙo ya ga yadda ake kama kifi da yadda ake koya wa ƙanana iyo, wanda ya fi huci na minti ɗaya sannan a nutse. Game da na biyu kuwa, shi ne ainihin dalilin da ya sa nake cewa doka, ban ce nasiha ba. Idan an bar wa kowane matuƙi ya yi amfani da imaninsa, mai imanin ne zai rasa ciniki, domin baƙi za su koma wurin wanda ke kai su bakin rami. Sai dokar ta hau kan kowa, da mai tsaro a bakin shiga da ikon ƙwace lasisi, sannan mutumin kirki zai iya cewa baƙo, ka yi haƙuri, ba ni na hana ba. Wannan ƙa'ida ta shafi ba dabba abinci ma: biri da aka saba wa miƙa ayaba daga cikin jirgi ya daina zama naman daji, ya zama maroƙi mai cizo.

Na biyar, kuma a gurguje: ran baƙon kansa.

A jihar Kerala ta Indiya akwai tafkin Periyar, wanda ya samu bayan gina madatsar ruwa a 1895, a tsakiyar dajin da aka mayar gandun kare damisa a 1978. Can ana kallon giwaye da ɓauna daga manyan jirage masu inji. Ranar 30 ga Satumba, 2009, wani jirgi mai hawa biyu mai suna Jalakanyaka ya kife, mutum 45 suka rasu. Bayanan da suka fito sun nuna an ɗauki fasinja fiye da ƙima, ba su sanye da rigar hana nutsewa, an sami matsala a ƙirar jirgin, kuma rahotanni sun ce mutane sun karkata gefe guda don kallon dabbobi a gaɓa. Ina kawo wannan ne don ku ga cewa son cika jirgi da son matsawa kusa, waɗanda ke korar dabba, su ne kuma ke kashe mutum. Mu da muke jin labarin kifewar jirage a kogin Neja kusan kowace damina ba ma bukatar dogon bayani a nan.

Na shida, ƙorafin da ya fi duka ƙarfi.

Mai tsattsauran ra'ayi zai ce, tunda ka yarda baƙi na cutar da dabbobi, me zai hana a rufe tafkunan gaba ɗaya a huta? Da a ce zaɓin tsakanin baƙi ne da kurmin da babu mai taɓawa, da na bi shi. Amma ku dubi abin da ke maƙwabtaka da Tambopata. Yankin Madre de Dios na da zinariya a cikin yashin kogunansa. Tsakanin 1985 da 2017 haƙar zinariya ta cinye kusan hekta 100,000 na kurmi a yankin. A wurin da ake kira La Pampa, dab da iyakar gandun, an mayar da kurmi yashi da kududdufai, har gwamnati ta tura sojoji da 'yan sanda a Fabrairun 2019 don tashin mahaƙa. Suna ware zinariya da zaiba, zaibar ta shiga ruwa, ta taru a jikin kifi, kifin nan kuma shi ne abincin karen ruwa da na mutanen gaɓa. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ya san yadda haƙar da babu tsari ke ƙarewa. Tafkin da aka rufe aka bar shi babu mai cin abinci a jikinsa, wa zai tsaya masa ranar da mahaƙa suka iso?

Akwai hujjar lissafi ma. Binciken da Christopher Kirkby da abokansa suka wallafa a 2010 ya kwatanta abin da hekta guda ke samarwa a Tambopata, ya gano yawon buɗe ido ya fi noma da kiwo da saran katako riba idan aka yi dogon lissafi. Sai dai riba a takarda ba ta tsare daji. Sai ta shiga aljihun wanda ke zaune a bakinsa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na al'ummar Infierno, inda 'yan ƙabilar Ese Eja ke zaune tare da wasu mazauna. A 1996 suka ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da kamfanin Rainforest Expeditions, aka gina masaukin baƙi na Posada Amazonas a kan ƙasarsu, kashi 60 cikin ɗari na riba nasu a lokacin, 'ya'yansu kuma suka zama matuƙa da masu girki da 'yan jagora. Su ne ke kai baƙi Tres Chimbadas. Mutumin da makarantar ɗansa ta dogara da iyalin karen ruwa da ke can ba ya bukatar a yi masa wa'azi kafin ya kori mai kafa raga a tafkin. A Periyar ma an yi irin wannan dabara a ƙarshen shekarun 1990: mutanen da a da suke satar ɓawon itace daga gandun aka ɗauke su suka zama masu sintiri da rakiyar baƙi, kuma babu wanda ya fi su sanin hanyoyin ɓarayi.

Ban ce wannan ya warware komai ba. Kuɗin baƙi ya kawo wa Infierno gardama a kan rabo, kamar yadda kuɗi ke yi a ko'ina. Sannan a 2020, da annobar korona ta tsayar da jiragen sama, masaukai suka rufe, ma'aikata suka koma gida hannu rabbana, zinariya kuwa farashinta hawa ya yi. Sana'ar da ke jiran baƙo daga wata nahiya ba ta da tabbas. Wannan hujja ce ta cewa kada a dogara da ita kaɗai, kuma a Tambopata akwai wani abin dogaro: ɗiban gyaɗar Brazil, 'ya'yan wata doguwar bishiya da ba ta bayarwa sosai sai a kurmin da ke tsaye, wanda dubban iyalai a yankin ke rayuwa a kai. Masauki da gyaɗa duka suna bukatar bishiya ta tsaya. Haƙar zinariya kuwa tana bukatar ta faɗi.

Kafin in zauna, kalma ɗaya game da nahiyarmu. A Kamaru, kusa da Dizangue a yankin Edea, akwai tafkin Ossa a cikin kurmi, kuma yana daga cikin mafakar ayu, dabbar da masuntanmu na Neja da Binuwai suka sani sarai. Wani masani ɗan ƙasar, Aristide Takoukam Kamla, ya yi shekaru yana aiki da masuntan wurin, musamman bayan da wata ciyawar ruwa baƙuwa ta mamaye babban sashe na tafkin, kuma an ba shi lambar yabo ta Whitley a 2024. Ayu ya fi karen ruwa kunya nesa ba kusa ba. Galibi hancinsa kawai ake gani idan ya ɗago shan iska. Duk wanda zai kai baƙi irin wannan wuri ya yi musu alkawarin gani da ido, to ya ɗora wa matuƙinsa nauyin farautar dabbar da jirgi. Gara tun daga talla a ce za a kai mutum gidan ayu, gani kuwa sai an dace, a kuma shata sashen da babu mai shiga kafin baƙon farko ya iso, tun ba a sami masu jarin da za su yi jayayya da shatar ba.

Ranka ya daɗe shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa, a nan zan dakata. Na hangi wasu a baya suna rubutu tun a kan batu na huɗu, ina kyautata zaton ba duka ne suka yarda da ni ba. Fili naku ne: mai tambaya ko gyara, bismillah.